Mutumin da Ya Ce Shi Dai Tambaya Yake Yi

A wani gari na bakin kogi akwai wani manomi, mutum mai kaifin kai. Ya yi karatun kwamfuta a birni, da aiki ya ƙi samuwa sai ya komo gida ya kama noman shinkafa a gonar mahaifinsa. Gonar tana gefen fadama ta wajen tudu, inda ruwa bai cika kaiwa ba. Yana da mata mai suna Rifkatu, da 'yarsu Salama.

Mutumin nan ba mugu ba ne. Ba ya sha, ba ya faɗa, ba ya fashin sujada. Abu ɗaya ne ya kama shi: ba ya iya yin shiru. Duk abin da ya faru a duniya, sai ya ce wani abu a kansa a dandalin intanet. In taki ya yi tsada, yana da magana. In 'yan majalisa sun yi cacar baki, yana da magana. In an fito da sabuwar waya a ƙasar da bai taɓa takawa ba, sai ya yanke mata hukunci kafin ya gama kallon hotonta. Da safe ya yabi ɗan takara, kafin la'asar ya kushe shi, bai kuwa ga laifin haka ba, gama a wurinsa duk hira ce. In ya yi rubutu sai ya sa wayar a aljihu, ya ɗan taɓa noma, ya sāke ciro ta ya ga ko an yaba. In masu yabo sun yi yawa, ya ji daɗi na ɗan lokaci. In ba su yi yawa ba, ya nemo maganar da ta fi zafi.

Rifkatu takan ce masa, "Baban Salama, tuwon nan zai huce."

Shi kuwa ya ce, "Bari in ba wannan amsa tukuna."

Can sama da garin akwai madatsar ruwa. In damina ta yi nauyi akan buɗe ta, ruwa ya gangaro ya cika fadama, sau da yawa kafin labari ya iso. To, a babban garin da ke kusa da madatsar akwai wata malamar lissafi, Malama Tabita. 'Yar manoman fadama ce, ta san yadda gida yake zama a shekarar da ruwa ya ci gona. Sai ta yi amfani da lokacin hutunta ta gina wata manhaja ta waya. Aikinta mai sauƙi ne. Akwai masunta da masu kwalekwale a ƙauyukan sama da suka yarda su riƙa duban kogi. In sun ga ruwa yana hawa, sai su danna, saƙon gargaɗi ya shiga wayar duk manomin da ke ƙasa. Ba ta karɓi kuɗin kowa ba. Ta kuma bar cikin manhajar a buɗe, wato rubutun da aka gina ta da shi yana nan a fili, duk mai iyawa yana da izini ya duba, ya gyara, ya aiko mata da gyaran ta haɗa.

Wata rana ana bikin aure a garin, sai gargaɗi ya shigo wayoyi. Mutane suka bar abinci, suka ruga fadama da kayan kwalliya. Da suka isa suka tarar da kogi yana kwance abinsa. Ashe wani masunci ne ya danna bisa kuskure. Manomin nan ya komo da sabuwar shaddarsa duk taɓo, ransa a ɓace.

Ya buɗe kwamfutarsa ya leƙa cikin manhajar, nan da nan ya ga inda matsalar take: tana gaskata mutum ɗaya, ba ta jiran na biyu ya tabbatar. Gyaran ba babba ba ne, ya kuma iya. Da yake yana ciki, ya duba inda lambobin wayar manoma suke zuwa, ya ga ba sa zuwa ko'ina, saƙon ruwa kaɗai ake aikawa da su. Ya fara gyaran, ya ji zaman ya ishe shi, gama ba mai gani, ba mai yabawa. Sai ya rufe kwamfutar, ya ɗauki waya ya rubuta:

"Wai manhajar kyauta. A ƙasar nan akwai abin kyauta? An tara lambobin manoma kaf, ga zaɓe yana matsowa. Wa ake tara wa? Ni dai tambaya nake yi."

Bai taɓa rubuta abin da aka yaba kamar wannan ba. Malama Tabita ta gani, ta amsa a ƙarƙashi, ta ce, "Ɗan'uwa, cikinta a buɗe yake, ka shiga ka duba da kanka. In ka ga abin gyara, ka taimake ni, ni kaɗai ce a kan aikin." Ya ga amsar, ya ce zai komo kanta, amma a lokacin ya riga ya shiga wata gardamar a kan kuɗin mai, bai kuwa komo ba.

Tambayar ta kama hanya. Da ta shiga zauren matasa na waya, sai ta daina zama tambaya. Da ta kai ƙauyen gaba, wani ya mai da ita saƙon murya, ya ƙara mata sunan jam'iyya. 'Yan wannan jam'iyya suka ce matar tana yi wa waccan aiki, 'yan waccan suka ce wannan take yi wa. Wasu samari suka tare wani mai kwalekwale a mashigi suka ƙwace masa waya. Masu duban kogi suka fara janyewa ɗaya bayan ɗaya. Aka riƙa kiran Malama Tabita ana zaginta, har shugaban makarantarsu ya kira ta ofis ya yi mata tambayoyi. A ƙarshe ta sanar cewa ta cire hannunta. Ba ta kashe manhajar ba, ta bar ta tana aiki, amma ba mai kula da ita.

Manomin yana da maƙwabci, wani tsoho mai suna Baba Zakka, wanda gonarsa take can ƙasa kusa da bakin ruwa. Baba Zakka bai iya karatu sosai ba, amma ya san ƙarar gargaɗin. Ya zo ya miƙa wa manomin wayarsa ya ce, "Ɗana, an ce kai ka gano abin nan na 'yan siyasa ne. Cire mini shi, ba na son sunana ya shiga inda ban sani ba."

Manomin ya riƙe wayar. In ya ce, "Baba, bar ta," to, ya ƙaryata kansa ke nan. Sai ya cire ta, ya mayar wa tsohon wayarsa. Baba Zakka ya sa masa albarka ya tafi. Shi manomin kuwa bai cire ta daga tasa wayar ba.

Lokacin girbi ya zo. Mutane suka yanke shinkafa suka shanya dammuna a fadama, ana jira ta sha iska a buge. Ranar kasuwar ƙauyen da ke maƙwabtaka da su, yawancin mutanen gari suka tafi cin kasuwa. Da hantsi manomin yana zaune a ƙofar gida, sai wayarsa ta yi ƙarar nan. Ashe akwai wani masunci guda a sama wanda bai janye ba, shi ne ya danna.

Ya miƙe. Ya zauna. Ya sāke miƙewa. Ya ce a ransa, "In na yi shela ya zama ƙarya ne kamar ranar biki, za a yi mini dariya. In kuwa gaskiya ne, za a ce ina na ji." Ya shiga ɗaki, ya fito, ya leƙa dandali ya ga ko wani ya yi maganar ruwa, don ya bi bayansa. Ba wanda ya yi, ana ta gardamar wanda zai ci zaɓe. Ya zaga bayan gida ya duba gabas, sama garau, ba hadari. Rana ta yi ta hawa yana kai da kawowa. Daga bisani ya ɗauki baro ya gangara fadama shi kaɗai, ya ɗora injinsa na ban-ruwa da ke bakin kogi, ya turo shi gida. Ya wuce ta gefen dammunan Baba Zakka, bai kalle su ba.

Rifkatu tana shara ta gan shi da inji. Ta ce, "Baban Salama, lafiya ka ɗauko inji da tsakar rana?"

Ya ce, "Ba komai, zan duba shi ne."

Ta tsaya tana kallonsa. Ta ce, "Ƙarar da na ji ɗazu, ta mece ce?"

Ya ci gaba da tura baronsa. Ta yar da tsintsiya, ta ruga harabar coci, ta kama ƙarfen da ake bugawa don kiran sujada, ta yi ta bugawa ba tsayawa. Tsofaffi da matan da suka rage a gari suka fito. Aka tura mai babur kasuwa. Amma kafin jama'a su komo, ruwa ya riga ya shiga gonakin ƙasa. Mutane suka faɗa ciki suna kamun dammuna, wanda aka kama a jefa kan tudu, wanda ya kuɓuce ya bi ruwa. Baba Zakka ya shiga har ƙugu, sai da aka janyo shi da ƙarfi. Abin da aka tsamar masa bai kai na cin wata biyu ba. Gonar manomin kuwa, ruwa ya lashi gefenta ya tsaya.

Da yamma jama'a suna zaune a kan tudu suna kallon fadama ta zama tafki. Baba Zakka yana rawar sanyi cikin jiƙaƙƙen wando. Manomin ya kawo masa mayafi. Tsohon ya karɓa ya yi godiya, sa'an nan ya ce, a hankali, ba da faɗa ba, "Ɗana, an ce tun da hantsi ka ɗauke injinka. Wa ya gaya maka ruwa na zuwa?"

Manomin da yake da magana a kan kowane abu a duniya ya tsaya a gaban tsohon. Da ƙyar ya ce, "Baba, ban cire tawa ba."

Baba Zakka ya dube shi. Ya ce, "Ashe kai ma ba ka gaskata abin da ka faɗa ba." Ya ja mayafin ya rufe kafaɗunsa, ya mai da fuskarsa wajen ruwa.

Washegari manomin ya rubuta a dandali cewa ƙarya ya yi, ya duba cikin manhajar tun farko, ba ta kai lambar kowa ko'ina. Mutane kaɗan ne suka karanta. Wani ya rubuta masa, "Nawa suka ba ka ka janye?" Saƙon muryar nan kuwa yana ta yawo a ƙauyuka, ba wanda ya san bakin da ya fara shi, balle a kira shi ya komo.

Rifkatu ta ce masa, "A waya ka ɓata, amma ba a waya za ka gyara ba. Tashi ka je wurin matar nan."

Ya hau mota ya tafi. Ya sami Malama Tabita a gindin wata bishiya a makaranta bayan an tashi. Ya faɗa mata ko shi wane ne, ya faɗa mata duka, har da zancen Baba Zakka da na inji. Ta saurare shi har ya gama.

Ta ce, "Na yafe maka, Malam, tun kafin ka zo, gama ban iya ci gaba da riƙe abin a raina ba. Amma ba zan koma ba. Har yanzu in wayata ta yi ƙara gabana faɗuwa yake yi. 'Ya'yana ma sun ji zagin."

Ya ce, "To, manoman fa?"

Ta ce, "Manhajar tana nan a buɗe, kai ma ka iya. Gyaran cikinta ba shi ne aikin ba. Aikin shi ne mutanen bakin kogi. Ƙafa da ƙafa na bi su kafin su yarda. Yanzu sai wani ya sāke bin su."

Ya koma gida ya ƙarasa gyaran da ya bari. Ya ɗebi shinkafa daga tasa ya kai gidan Baba Zakka. Tsohon ya karɓa, ya yi godiya, amma bai ce masa ya zauna ba. Sa'an nan manomin ya ari babur ya kama hanyar ƙauyukan sama. Wani masunci ya ji shi ya yarda. Wani ya ce sai ya yi shawara. Mai kwalekwalen da aka ƙwace wa waya ya ce, "Ashe kai ne," ya tura kwalekwalensa cikin ruwa ya bar shi tsaye a gaɓa. A ƙauyen gaba manomin ya tsaya shan ruwa, ya duba waya, ya ga wani saurayi da bai taɓa saninsa ba ya rubuta cewa akwai wani manomi da ke yawo a bakin kogi yana tara sunaye, ko wa ya aiko shi?  Ya tsara amsa mai zafi, ya karanta ta, ya goge. Ya tayar da babur, gama akwai sauran ƙauyuka a gaba, damina kuwa ba ta gama sauka ba.

To, 'yan'uwana, ga abin da misalin nan yake nufi.

Manomin nan mu ne, mu da muka iya karatu, muke da waya a hannu, mutane kuma suna ɗaukar maganarmu da nauyi fiye da yadda mu muke ɗaukarta. Ba na cewa laifi ne a yi zancen siyasa. Ƙasarmu ce, dole mu yi magana a kanta, in kuma shugaba ya yi ba daidai ba, a faɗa. Ba na kuma cewa kada a yi tambaya. Amma akwai tambayar mai neman sani, akwai kuma tambayar wanda ya riga ya san amsa, yana so ne kawai ya jefa zargi ya tsame hannunsa. Ta biyun shaidar zur ce, ko da an sa mata alamar tambaya a ƙarshe. Ubangiji ba ya duban alamar, zuciyar da ta rubuta yake dubawa.

Baba Zakka shi ne duk wanda ya dogara ga bakinka. Uwarka ce da take ce maka, "Karanta mini, gaskiya ne?" Ƙanenka ne da yake tura duk abin da ka tura. Kai kana hira, shi kuwa yana yanke shawara a kan gonarsa, da lafiyarsa, da wanda zai ƙi jini. Ku lura, mutumin nan bai tashi da niyyar cutar da tsohon ba. Ƙaramar magana ce ta fara, sa'an nan kunya ta hana shi janyewa, sa'an nan ta hana shi buɗe baki a ranar da maganarsa za ta ceci gari. Haka zunubi yake yi. Yana sa ka yi magana inda ya kamata ka yi shiru, ya kuma ɗaure maka baki inda ya kamata ka yi kururuwa.

Manhajar da aka bari a buɗe kuwa, ina so ku ga ikkilisiyar nan a cikinta, da kowane aikin alheri da wani ya ɗauka ba don lada ba. Ƙofa a buɗe take. Lasifikarmu tana ƙugi kowace Lahadi, kuma na san akwai masu ilimin lantarki a cikinmu nan. Ana gunaguni a zauren waya cewa mawaƙa ba sa shiri, amma ranar koyon waƙa benci a wofi yake. Matan da ke koyar da yara sun gaji, wasunsu sun kusa ajiyewa, abin da yake kai musu kuwa sharhi ne. Duk baiwar da Allah ya ba ka har ka iya ganin kuskure, ita ce ya ba ka don ka sa hannu. Wanda ya gani ya kuma iya, alhakinsa ya fi na wanda bai gani ba.

Wani zai ce, ai an yafe masa. An yafe masa, hakika, kuma gafarar Allah ta fi ta Malama Tabita faɗi. Kada wani ya fita daga nan yana cewa nasa ya wuce gafara. Amma shinkafar ba ta komo ba, matar ba ta koma aikin ba, tsohon bai ce ya zauna ba. Tuba ta gaskiya tana hawa babur ta bi ƙauyuka, tana jure wa wanda ya juya mata baya.

Abu na ƙarshe, shi ne ya fi damuna. Me ya hana mutumin nan zama? Ba son gaskiya ba ne, ba kishin ƙasa ba ne. Zuciyarsa ce ba ta da hutu, tana so a gan ta, tana so a ce ta iya. Yabon dandali ba ya ƙosar da irin wannan yunwa, ƙara ta yake yi. Wanda ya san cewa Ubansa na Sama yana ganinsa, shi ne zai iya zama ya yi aikin da ba mai tafa masa, ya kuma bar gardama ta wuce ba tare da ya ce uffan ba.

Ban san abin da kowannenku ya tura a makon nan ba. Ku kun sani. In akwai sunan wani a ciki, kuma ba za ka iya maimaita maganar kana duban idonsa ba, kada ka jira ruwa ya zo. Da an tashi sujada, kafin ka ci abinci, ka nemi gidansa.